Babi na Shida: Hular Kwano da Kukan Iska

Daga Ƙofar Kwaya hanyar Dutsin-ma take barin birnin Katsina ta nufi kudu, kuma tana cikin hanyoyin da suka fi ɗaukar babura da safe. A kanta manyan makarantun garin suka jeru: Jami'ar Al-Qalam, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, can gaba kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Malami ne, ɗalibi ne, masinja ne, ɗan acaɓa ne, mai kai kaya Batagarawa ko Kurfi ne, kowa da abin hawansa, wani Bajaj, wani Jincheng, wani Haojue. In ka tsaya a shataletalen kana duban kawunansu za ka ga zanna da kube da hular sanyi da rawani, za ka ga kai a buɗe. Hular kwano sai jefi-jefi.

Amsa uku ake ba ka in ka tambayi dalili. Ta farko zafi, kuma gaskiya ce, domin a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a Katsina. Ta biyu tsada, ita ma ba ƙarya ba ce. Ta uku kuwa ita ce ake faɗa da cikakken tabbaci: "Malam, toshe mini kunne take yi, ba na jin mota in ta taho ta bayana." Wannan amsar ta fi sauran kama hankali, kuma ita ce aka ɗauko baibai. Abin da ke hana mai babur ji a kan doguwar hanya iska ce. Ita ce kuma take cin jin nasa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, ba tare da ya taɓa zarginta ba.

Tsakanin mutanenmu da hular kwano dai an daɗe ba a ga maciji. Ranar 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa ta ga mai tuƙi da wanda ya goya. Farashinta ya yi tashin gwauron zabo, fasinjoji suka ce ba za su sa abin da kan wani ya jiƙa da gumi ba, wasu ma suka ce za a iya yi musu asiri a ciki. A Kano har aka samu masu acaɓa da suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, labarin ya zaga duniya ana dariya. Da tilastawar ta yi sanyi, kowa ya rataye hularsa. Ga shi kuwa binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Saboda ƙoƙon kai ake sa ta, kada a manta da wannan duk abin da za a faɗa nan gaba. Amma tunda da kunne aka kafa hujjar ƙin ta, bari mu bi ta kunnen.

Abin da iska ke yi wa kunne

Ƙarfin ƙara da desibel ake auna shi. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85: wanda ke aiki cikin ƙara mai wannan ƙarfi, awa 8 ce ƙarshen abin da kunnensa zai ɗauka a rana ba tare da lahani ba. Lissafin wannan ma'auni ba irin na mudu ba ne, domin duk ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin ƙarar yake yi, sai lokacin ya rabu biyu. A 88 awa 4 ce, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal.

Wani likitan kunne a Ingila, Andrew McCombe, ya shafe shekarun 1990 yana nazarin kunnuwan mahaya babur tare da abokan aikinsa. Sun sa ƙananan makirfo a bakin kunne, a cikin hular kwano. Abin da suka samu shi ne a gudun kilomita 60 a awa ƙarar tana wajen desibel 90, kuma tana ta hauhawa har ta kai 110 a gudun kilomita 160. Ƙasa da kilomita 60, kukan inji da na taya da na ababen hawan da ke kewaye su ne kan gaba. Da an wuce nan sai iska ta danne su duka. Kada wani ya ce ai wannan zancen manyan baburan Turawa ne. Iska ba ta san sunan babur ba, gudu kawai ta sani, kuma Bajaj Boxer yana yin 80 ba tare da wahala ba.

To, mu kawo lissafin gida. Daga Katsina zuwa Dutsin-ma wajen kilomita 60 ne. Mai tafiya a 80 zai yi kamar minti 45 a hanya, ƙarar da ke kunnensa tana wajen desibel 96. Abin da aka yarje wa kunne a wannan ƙarfin bai cika minti 40 ba. Wato tun bai sauka ba ya cinye kason ranar, ga dawowa tana jiransa. Dawowar ma ta fi muni in lokacin hunturu ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mai komawa Katsina kuwa arewa ya fuskanta, saboda haka gaba da gaba suke yi da ita. Malejinsa yana iya nuna 60 alhali iskar da ke dukan kansa ta kai ta mai gudun 80.

Wanda duk zirga-zirgarsa a cikin gari take, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura, yana tafiya a 30 ko 40, iska ba ita ce babbar damuwarsa ba. Shi hon da salansa da janareta ne ke cinsa. Wannan babin ya fi shafar masu fita bayan gari: malamin da aka tura makarantar ƙauye, ma'aikacin asibiti, ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako, da ɗan acaɓan da ke ɗaukar doguwar tafiya. A wasu hanyoyin ma ba son gudu ke sa su gudu ba. Halin tsaro ne ya sa kowa ke so ya wuce daji da wuri.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a ka, wajen 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar motsin sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su. Shi ya sa in ka sauka daga doguwar tafiya sai ka ji kunnenka ya yi dum, ko yana ta ƙara shi kaɗai, maganar mutane tana zuwa maka daga nesa. Bayan 'yan awoyi sai abin ya washe, ka ce ai gajiya ce. Amma in ana maimaita haka kullum, wasu daga cikin ƙwayoyin mutuwa suke yi, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu allura babu ƙwaya da ke dawo da ita.

Abin takaicin shi ne irin jin da ke fara tafiya. Sirantattun sautuka ne, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f". Mutum yana jin murya sarai, kalmomin ne ba ya tantancewa. A ɗaki shi da mutum ɗaya ba matsala, amma a wurin ɗaurin aure ko cikin kasuwa sai ya yi ta "Na'am? Me ka ce?" Uwargida ta ce ba ya sauraronta, yara su ce Baba ya cika ƙure rediyo. Ga ɗan acaɓa kuwa abin ya taɓa abinci, domin da kunne yake jin "Malam, tsaya nan," da shi yake jin an kira shi daga tsallaken titi.

Game da zargin cewa hula tana ɓoye hon, an gwada. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka ta sa an gwada mahaya 50, da hula da kuma babu hula, a gudun kusan kilomita 50 da kuma 80, mota tana binsu tana sakin sauti. Ba a ga wani bambancin kirki ba. Dalilin a fili yake: duk abin da hular ta rage daga hon, ta rage irinsa daga ƙarar da ke gogayya da hon ɗin. In kana tsaye a danja hula tana ɗan dushe sauti, wannan ba a musu, amma ba ta kai ta ɓoye maka tirela ba.

Ta ina ƙarar take shiga

Mutane da yawa suna zaton ta saman hula ko ta gilashinta iska ke shiga. A shekarar 2011 masu bincike a jami'o'i biyu na garin Bath da ke Ingila suka sa hula a ɗakin gwajin da ake hura iska, suka bi ta da makirfo lungu-lungu. Sai suka gano cewa babbar kafar ƙarar da ke isa kunne tana ƙasa, tsakanin haɓa da wuya. Iska tana zuwa ta daki ƙirji da kafaɗa, ta hautsine, ta yi ta birgima a bakin hular, kamar yadda yaro ke hura bakin kwalba ta yi kuka. Irin wannan ƙara mai kauri ce, ita kuwa hular kwano siririyar ƙara ta fi iya tarewa. Mai kaurin ratsa ta take yi, wani ɓangare ma ta ƙashin kai yake bi.

Kowa zai iya gwada wannan da kansa. A hanyar da ba kowa, a matsakaicin gudu, ɗan kai tafin hannun hagu ƙarƙashin kunne inda hula ta haɗu da wuya, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ƙarar ta faɗi, ka gano kafarka. Maganinta ba tsada: ƙyalle mai laushi a naɗe wuya da shi ya cike gurbin. Mutanenmu dama suna yin haka da hunturu saboda ƙura da sanyi. Sharaɗi ɗaya ne, a cusa bakin ƙyallen cikin riga, kada a bar jela tana lilo kusa da taya ko sarƙa. Haka babbar riga da wuyan jamfa da ragowar igiyar hula: duk abin da ke kaɗawa kusa da kunne ƙara yake yi.

Akwai kuma gilashin tare iska da wasu ke ɗaura wa gaban babur don ado. Wani yana taimakawa, wani kuwa ɓarna yake yi, domin yakan ɗauke iskar daga ƙirji ya watso ta a hautsine daidai haɓa. Ya danganta da tsawon gilashin da tsawon mai tuƙin. In bayan ka ɗaura shi ka ji kanka yana girgiza kunnenka yana bugawa, cire shi ko ka sauya tsayinsa.

A gaban mai sayar da hula

Iri huɗu za ka tarar. Akwai rufaffiya wadda ta rufe kai da haɓa, da gilashi a gaba. Ita ta fi kariya, ita ta fi shiru. Akwai mai ɗagawa, wadda gabanta duka ke tashi sama. Tana da daɗi a inda ake yawan tsayawa a shingen jami'an tsaro ko gaisawa da mutane, amma mahaɗanta kafofin iska ne, ta fi nauyi, yawanci kuma ta fi ƙara. Akwai mai buɗaɗɗiyar fuska da ta rufe kunne ta bar haɓa. Sai 'yar ƙaramar da ke zama a tsakar ka ta bar kunnuwa a waje. Wannan ba abin da take yi wa iska, ƙoƙon kan ma rabinsa take karewa. Hular magina kuwa, mai ruwan ɗorawa, wadda wasu ke kifawa don gudun kamu, an yi ta ne saboda abin da zai faɗo daga sama a wurin gini. Ba hular babur ba ce.

Abin da ya fi suna da farashi muhimmanci shi ne ta zauna a kai daram. Hula mai tsada da ta yi maka yawa ta fi mai araha da ta kama ka ƙara, kuma ranar haɗari tana iya fita kafin kai ya taɓa kwalta. A nan Bahaushe ya huta, domin ya san lambar hularsa. Mai sa zanna lamba 22 da rabi, kewayen kansa santimita 57 ne, wato M a yawancin kamfanoni. Mai lamba 23 da rabi yana wajen 60, wato L. Wanda bai sani ba ya je wurin tela a zagaya masa tef a saman gira. Amma kada ka tsaya a lamba. Sa ta, ka ɗaure igiyar, ka riƙe ta da hannu biyu ka juya hagu da dama. In fatar goshi da kumatu suna tafiya tare da ita, ta yi. In tana yawo ita kaɗai, nemi ta ƙasa da ita. Sabuwa ya kamata ta ɗan matsa kumatu, domin soson zai kwanta da amfani. Ka bar ta a kanka na 'yan mintuna ko da mai shago yana harara, ka ji ko akwai inda take cizo.

Sai ka duba wuraren da muka ambata. Soson da ke kewaye wuya ya zama mai kauri, ya rungumi ƙasan kunne. In akwai ɗan labulen da ke rufe ƙarƙashin haɓa, to madalla. Rufe gilashin ka ga ko ya kwanta a kan robarsa ko'ina, domin 'yar kafa ɗaya ta isa ta yi ta yi maka fito har Dutsin-ma. Bayan hular ya zama sumul. Masu ƙahonni da fukafukai da baki irin na facin-cap, waɗanda samari ke so, kowane tudu a jikinsu wurin kukan iska ne. Kafofin shan iska kuwa dole ne a ƙasarmu, sai dai a nemi masu buɗewa da rufewa. A nan akwai ciniki na gaskiya: hular da ta fi shiru ita ta fi zafi. Ni dai a ganina, a Katsina gara mai kafofi da farin launi wadda za ka jure sa ta a watan Afrilu, a kan mai shiru da za ta ƙare a rataye a ƙusa.

Kada a sa zanna ko kube a ƙarƙashinta. Ɗaga ta suke yi daga kunne, su buɗe wa iska hanya, su kuma ɓata zamanta. A sa zannar ko kuben a leda ko a jaka, in an isa a sa. Ga mata, siririn ɗankwali ko hijabi ba ya hana ta zama, ƙulli da tulin gashi a ƙeya ne ke hanawa.

Duba tambari a bayanta ko a jikin igiyar: ECE 22.05 ko 22.06 na ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya, DOT na Amurka, ISI na Indiya. Abu biyu za ka riƙe. Tambarin shaidar jure duka ne, bai ce komai game da shiru ba. Sannan manna takarda ba wuya, jabu sun cika kasuwa. Saboda haka ɗaga yadin ciki ka taɓa. Hular kirki tana da farin soso mai tauri, irin wanda ake tare talabijin da shi a kwali, kaurinsa ya kai yatsa biyu ko kusa. Shi ne ke shanye duka, kuma sau ɗaya yake yin aikin: in ya murƙushe ba ya komawa. Wannan ne ya sa hular gwanjo take da haɗari, tana iya ƙyalli a waje alhali ta riga ta yi aikinta a kan wani. Kamfanoni irin su Schuberth na Jamus da Shoei na Japan suna da ɗakunan gwajin iska nasu, suna kuma tallar hulunansu da shiru, amma kuɗin ɗaya yana iya tasam ma kuɗin babur na hannu. Kamfanonin Indiya irin su Studds da Steelbird da Vega suna yin rufaffu masu tambari a farashin da talaka zai iya tunkara.

Toshe kunne don a ji

Ko hular da ta fi kowace shiru ba ta isa ita kaɗai ba in gudu ya yi gudu. Alƙaluman McCombe da muka kawo ai a cikin hula aka auna su. Shawarar da shi da abokan aikinsa suka tsaya a kai ita ce matoshin kunne, ɗan soson nan mai laushi da ma'aikatan masana'antu ke sawa, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata da wasu manyan kemis. A jikin ledarsa akan rubuta yana rage desibel 25 zuwa 33. A aikace bai cika kai haka ba, amma ko 15 ya rage, ya sauko da mai desibel 96 zuwa inda zai wuni a hanya ba lahani.

Na san abin da mai karatu zai ce: mutumin da ke kukan hula ta toshe masa kunne, shi za a ce ya ƙara da soso? Abin lura shi ne kunnen da ƙara ta cika ba ya rarrabe sauti. In aka sauko da komai ƙasa, iska da hon baki ɗaya, sai kunnen ya koma aiki a inda ya fi ƙwarewa, hon da jiniya su fito fili. Amma wannan a babban gudu ne. Da ka shigo gari, ka iso cunkoson Ƙofar Kwaya inda Keke Napep da mai kura da ɗan makaranta ke fitowa ta ko'ina, tsaya ka cire shi.

Sa shi ma sai an koya. A murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a zura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. In rabinsa yana leƙowa waje, bai shiga ba. In ya yi datti a yar, kuma ba a aron sa. Mai ciwon kunne ko wanda kunnensa ke zubar da ruwa kada ya sa sai likita ya gani. Auduga da mutane ke cusawa kuwa kusan ba abin da take tarewa sai ƙura.

Abin da ya fi duka ɓarna shi ne iyafis. Saurayi yana gudu yana jin waƙa, dattijo yana jin wa'azi ko labarai, kuma don su ji dole su ƙure sautin ya haura kukan iskar. Ƙara ce a kan ƙara, a cikin ramin kunne, ga hankali ya rabu biyu. Haka masu fasa salansa don babur ya yi ruri: kafin su dami unguwa, kunnensu ne mafi kusa da ita. Hanyar da ba ta cin ko kwabo kuwa ita ce sassauta hannu. Saukowa daga 80 zuwa 60 yana rage kusan desibel 6, wato ya ninka lokacin da kunne zai jure sau huɗu, abin da ya ƙaru a tafiyar Dutsin-ma kuwa minti 15 ne.

Wanda kunnensa ke ƙara bayan ya sauka har ta kwana ba ta daina ba, ko ya lura yana yawan cewa a maimaita masa magana, kada ya ɗiga man zaitun ko ruwan ganye, kada ya sa tsinke. Ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ya nemi a auna masa ji. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Awon ba ya ciwo, ba ya cin lokaci, kuma yana nuna lahanin tun mai shi bai fara lura ba.